Sabiru Bakanike da Idon Jirgi

Mutanen Tsafe sun san Sabiru ne a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke bakin titi, zaune a kan tsohon tankin babur, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Asalinsa ɗan Kucheri ne, ɗan gidan manoma, amma tun yana saurayi noma bai kama shi ba. Ya tafi Gusau ya yi shekara shida a garejin wani ubangidansa kusa da tasha, ya dawo Tsafe da akwatin ƙarfe cike da sifanu, ya kafa rumfa, ya auri Zulai 'yar maƙwabtansu, suka haifi 'ya'ya uku. Ba mai yawan magana ba ne. 'Yan kabu-kabu suna sonsa saboda ba ya kwance inji a banza. Sai ya ce a buga kik, ya karkata kai ya saurara, sannan ya faɗi ciwon, kuma da wuya ya kuskure.

Shekarar da abin ya same shi, da kaka, yayansa Ɗanlami ya aiko masa cewa dawa ta nuna kuma ba a samun 'yan ƙodago, kowa yana tsoron gonakin bayan gari. Sabiru ya rufe rumfa, ya ce wa Zulai kwana biyu zai yi.

A rana ta biyu, da hantsi, suna cikin yanka, shi ya fara jin ƙarar babura, da yawa, ta inda babu hanya. Kafin ya buɗe baki sun ɓullo daga cikin karan dawa, uku-uku a kan kowane babur, fuskoki a naɗe da rawani. Ɗanlami ya ruga wajen rafi. Aka harbe shi a gadon baya, ya faɗi rub da ciki, yana jan jiki da gwiwar hannu. Ɗaya daga cikinsu ya sauka a natse, ya taka har inda yake, ya ƙara masa a kai. Sabiru yana tsaye yana kallo, wuƙar yankan dawa a hannunsa, har sai da aka make shi da gindin bindiga a ƙeya sannan ya sake ta.

Mutum goma sha ɗaya aka ɗaure da igiya ɗaya daga gonakin nan, aka kora su daji a ƙasa, babura gaba da baya. Wani dattijo da ƙafarsa ta kumbura ya zauna ya ce shi kam ba zai iya ba. Aka kwance shi daga igiyar, aka harbe shi a inda yake zaune, aka ci gaba. Bayan la'asar babur ɗaya ya mutu. Mai shi ya yi ta buga kik yana zagi, ya leƙa tanki, ya girgiza, ya sake bugawa, har ransa ya ɓaci ya fara dukan na kusa da shi a igiya. Sabiru bai san lokacin da bakinsa ya suɓuce ba.

"Ba mai ba ne," ya ce. "Fulogi ne ya sha."

Aka kwance masa hannu. Ya cire fulogin, ya goge da bakin rigarsa, ya kankare da tsinken ƙarfe, bugu ɗaya babur ya tashi. Daga baya ya sha cewa a duk rayuwarsa babu maganar da ya yi nadama kamar wannan.

Kwana biyu suka yi kafin su kai dabar, wato sansanin 'yan bindigar. Tana gindin wasu duwatsu ne, a ƙarƙashin manyan itatuwa masu duhuwa, mutum ya fi tamanin a ciki. Shugabansu wani siririn mutum ne mai tsohon sara daga kunne zuwa haɓa, suna kiransa Kachalla Maitabo. Ba ya ɗaga murya, kuma kullum da ƙaramar rediyo a aljihun rigarsa. Da aka gaya masa an kamo bakanike, ya dubi hannuwan Sabiru ya juya su, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Sauran an riƙa kiran danginsu a waya ana dukansu don a ji ihunsu. Shi kuwa sau ɗaya aka bar shi ya yi magana da Zulai, aka ce ya gaya mata ta daina jira.

Da rana yana aiki, da yamma a mayar da shi cikin sarƙa tare da sauran. Sarƙar babur ce aka zagaya wa ƙafafunsu, aka ɗaure a gindin itace. Kayan aikin da suka ba shi na wani bakanike ne da ya riga shi, bai tambayi inda mutumin yake ba. Babura sama da talatin ne, duk a jigace, an sha daji da su babu canjin baƙin mai. Ya yi faci, ya ɗaure birki, ya wanke kafireta. Idan ya gama sai su hau su tafi, bayan kwana ɗaya ko biyu su dawo da shanu, da buhunan hatsi, da sababbin mutane a igiya. Wani lokaci sai ya wanke jini daga kujera kafin ya fara aiki. Ya san baburan da ya tayar ne suke kai su. Ranar da ya ce hannunsa yana ciwo, aka kwantar da shi aka yi masa bulala da wayar kuloci har bayansa ya tsage, washegari kuma aka ajiye masa babur biyar.

A cikin sarƙar ya saba da mutum biyu. Ɗaya Malam Abdulrasheed, malamin firamare, wanda aka tare a mota a hanyar Gusau. Ɗayan kuma Zaharaddeen, mai sayar da gawayi daga wani ƙauye a bayan duwatsun Kwatarkwashi, mutum mai barkwanci wanda ko cikin wannan hali sai ya sami abin da zai ba mutane dariya. Shi yake raba tuwon da ake jefo musu sau ɗaya a yini, kuma ya kan ce rabon gawayi ya koya masa adalci.

Abu ɗaya kawai Sabiru ya ga yana tsorata mutanen dabar, shi ne jirgi. Da can, in ji su, jirgin yaƙi ba abin damuwa ba ne. Tun daga nesa za ka ji rugugi, kowa ya shige kogo, ya zubar da bam ɗinsa a kan dutse ya koma. Amma a 'yan watannin nan abin ya canja. Kachalla ya ji a rediyo cewa an sayo wa jiragen wata na'ura da ake rataya musu a ƙarƙashin fiffike, doguwa kamar turmi, mai ido a gaba. Suka ce idon yana hango mutum daga inda kunne ba ya jin ƙarar jirgin, yana ganin zafin jiki da zafin inji ko da a ƙarƙashin ganye, kuma in ya kafa wa abu ido, bam ɗin ba ya kauce masa. Sati uku da zuwan Sabiru, aka buga wata daba da ke gabas da su, jim kaɗan bayan mutanenta sun dawo daga hari. Waɗanda suka tsira suka iso da ƙuna a jiki, ɗaya hannunsa yana reto da fata, suna cewa ba su ji komai ba sai wuta.

Ran nan Kachalla ya kira Sabiru ya tambaye shi awa nawa inji yake yi kafin ya huce sarai. Sabiru ya ce salansa, wato bututun hayaƙi, takan huce da wuri, amma cikin injin yakan kai awa biyu. Daga ranar aka kafa doka: duk wanda ya dawo ya lulluɓe babur ɗinsa da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora ganye. Aka hana hura wuta sai a bakin kogo. Sannan Kachalla ya sa aka kwance mutanen sarƙa daga gindin itacen da suke, aka ɗaure su a tsakiyar baburan. Ya ce tun da idon yana gani, to ya ga su ma.

Tsoro ya sa suka fara zargin kowa. Wani ya lura Malam Abdulrasheed yana da agogo a ɓoye cikin ƙugun wandonsa, irin mai lambobi da ke haske idan an danna. Malam ya ce na mahaifinsa ne, yana duba lokacin salla da shi. Suka ce da shi yake kiran jirgi. Aka fasa agogon da dutse ba a ga komai ba, amma hakan bai hana ba. Suka ɗaure shi a jikin itace a gaban kowa, suka yi ta dukansa da sanduna suna tambayar wa yake yi wa aiki, tun yana rantsuwa har ya koma salati, har ya yi shiru. Da yamma ɗayansu ya sa wuƙa ya ƙarasa shi. Sabiru da Zaharaddeen aka sa suka ja gawar zuwa wani kwazazzabo. Zaharaddeen bai sake yin barkwanci ba daga ranar.

A wata na uku Kachalla ya ce a shirya dukkan babura, za a fita babban aiki. Daga hirar masu gadi Sabiru ya gane ƙauyen su Zaharaddeen za a je, domin mutanen can sun ƙi biyan abin da aka aza musu, kuma sun kashe musu mutum biyu. Ba kama mutane za a je yi ba, ƙonewa za a yi. Aka gaya wa Zaharaddeen shi zai nuna hanyar da ke bi ta bayan dutse, wadda ba a gadi. Ya ce ba zai je ba. Aka yanke masa ɗan yatsa ɗaya, aka ce in ya sake cewa a'a za a fara da gidansa. Ya naɗe hannun cikin tsumma, bai sake cewa a'a ba.

Kwana biyu Sabiru ya yi a kan baburan. Ba jarumi ba ne, kuma bai taɓa cewa shi jarumi ba ne. Abin da ya ce daga baya shi ne, hannunsa ne ya ƙi. A babura tara daga cikin talatin da ɗaya, ya tura ɗan ƙullin zaren buhu cikin tiyon mai, inda zai bar inji ya tashi lafiya ya yi 'yar tafiya, sannan ya shaƙe. Bai yi tunanin jirgi ba. Burinsa su makara, ko su fasa, ko wani ya hango su ya kai labari. Ya san in an gane, abin da aka yi wa Malam kaɗan ne.

Da sassafe suka fita, mutum ya fi sittin, kowa da bindiga, wasu da jarkokin fetur. Aka ɗora Zaharaddeen a bayan wani, aka naɗa masa rawani irin nasu, aka ɗaure ƙugunsa da na matuƙin. Masu gadi huɗu aka bari a daba. Ba a daɗe ba wani ɗan bindiga mai suna Nura ya dawo a guje a kan babur, ya ce wa Sabiru ya taso, ya ɗauke shi ba tare da ya bari ya ɗauki akwatin kayan aiki ba.

A tsakiyar wani busasshen kogi ya same su, fili fetal, yashi fari, babu ko inuwa. A nan babura suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma suka tsaya jira, injina suna ta aiki. Rana ta riga ta ɗaga. Kachalla yana tsaye yana duban sama, karon farko da Sabiru ya ga gumi a fuskarsa. Bai tambaye shi komai ba, sai da ya kai masa gindin bindiga a baki. Haƙora uku suka zube. Sabiru ya faɗi, aka tattake shi, aka ɗaga shi.

"Mi ka yi musu?" in ji Kachalla.

Sabiru ya tofar da jini ya ce man ne da datti, sai ya hura tiyo, kuma babu abin da zai iya ba tare da fulaya da sukundireba ba. Kachalla ya ɗora masa bakin bindiga a goshi ya daɗe, sannan ya sauke. Ya ce wa Nura ya mayar da shi ya ɗauko akwatin, in ya yi wani motsi ya harbe shi a ƙafa, ba a kai ba, domin yana da magana da shi. Babur ɗin Nura ma yana cikin taran, sai yanzu zaren ya shaƙe shi, ya ƙi tashi. Suka kama hanya a ƙasa.

Sun haura gaɓar kogin kenan, sun ɗan shiga cikin sabara, sai ƙasa ta ɗaga. Sabiru bai ji ƙarar jirgi ba. Wani abu ya tura shi ta baya kamar bango ya faɗo masa, ya tsinci kansa kwance, baki cike da yashi. Bam na biyu ya sauka kafin ya ɗaga kai. Da ya waiwaya, kogin ya zama wuta daga gaɓa zuwa gaɓa. Tankunan babura da jarkokin fetur suna fashewa, harsasai suna tashi da kansu. Ya ga mutum yana gudu wuta tana cin rigarsa da rawaninsa, ya yi taku goma ya faɗi. Ya ga taya tana birgima ita kaɗai tana ci. Wani abu ya faɗo kusa da shi, sai da ya duba ya ga ƙafar mutum ce da takalmin roba. Yana ganin bakuna a buɗe amma ba ya jin ihun, kunnensa na hagu yana zubar da jini.

Nura yana kwance a gefensa, wani ƙarfe ya shige masa ciki, yana lalubar bindigarsa da ta faɗi nesa kaɗan. Sabiru ya riga shi. Bai iya harbi ba, bai ma gwada ba. Ya kama ta ta baki ya sauke masa gindinta a kai, ya sake, ya sake, har hannun ya daina motsi. Ya jefar da ita ya bi sawun taya da gudu zuwa daba.

Masu gadin huɗu sun tsere tun da suka ji fashewar farko. Mutanen sarƙa goma sha bakwai suna nan a inda baburan suke da, wasu suna kuka, wasu sun kifa kai. Ya ɗauko guduma da kurfi daga akwati, ya riƙa ɗora sarƙar a kan dutse yana tsinkewa. Sau biyu ya bugi yatsansa. Suka fita ta yamma, suna goyon wata mata da ba ta iya taka ƙafa, suka bi rana. Washegari da azahar suka faɗo titi kusa da Kwatarkwashi. Motoci uku suka wuce su a guje, sun ɗauka tarko ne, kafin motar sojoji ta tsaya.

Kwana tara ya yi a asibiti a Gusau. Zulai ta zo, ta tsaya a bakin gadon tana kallon bakinsa da bayansa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Kunnen hagu bai dawo ba. Bayan an sallame shi, sojoji suka riƙe shi kwana huɗu suna tambaya, domin waɗanda aka ceto sun ce shi ne bakaniken daba. A rana ta ƙarshe wani hafsan sojan sama, mai furfura a gefen kai, ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya ce yana so ya taimaka musu su gane wasu mutane.

Hoton baƙi da fari ne, daga sama. Sabiru ya daɗe bai gane komai ba, sai da hafsan ya nuna masa da biro. Ga kogin. Ga injina suna haske fari tas, ga mutane kamar ƙwayoyin shinkafa suna motsi, da wata alama kamar gicciye tana bin su a hankali. Hafsan ya ce kwana uku idon yana kan dabar, sun ga baburan duk da buhunan, amma sun ga mutanen da ba sa motsawa daga wuri ɗaya a tsakiyarsu, suka gane a ɗaure suke, shi ya sa ba su taɓa ba. Suna jiran ranar da baburan za su rabu da su ne. Sannan ya nuna masa wani ɗan farin ɗigo da wasu ɗigo suka kewaye, ya faɗi, ya tashi, ya fara tafiya da wani a bayansa.

"Wannan kai ne," in ji hafsan. "Mun ga ana dukanka, muka ce wannan ba nasu ba ne. Mun jira ka haura gaɓa. Fiye da haka ba mu iya jira ba."

Sabiru ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Ya bi baburan ɗaya-ɗaya har ya kai na uku daga gaba, inda ɗigo biyu suke manne da juna. Ya ɗora yatsa a kai, ya ce wannan na bayan shi ma ba nasu ba ne. Sunansa Zaharaddeen, gawayi yake sayarwa, ɗaure shi aka yi. Hafsan ya mayar da hoton baya, ya kalla, ya sake mayarwa. Babu abin da ya bambanta ɗigon da sauran. Ya tambayi sunan ƙauyen da sunan mahaifinsa, ya rubuta a takarda.

Sabiru bai iya zama a Tsafe ba. Wasu sun zo yi masa barka, wasu kuma suna cewa wata uku yana tayar wa ɓarayi babura, wa ya san abin da ya ci a ciki. Wani da aka kashe wa ƙane a wani hari ya zo rumfar ya tsaya ya tofa yawu a gabansa. Daga daji kuma saƙo ya iso cewa waɗanda suka tsira sun san wanda ya toshe tiyo. Ya kwashe Zulai da yara, da matar Ɗanlami da nata biyu, suka koma Damba a Gusau, ɗaki biyu a gidan wani ɗan'uwan ubangidansa na da. Yanzu injin niƙa da janareta yake gyarawa. In aka kawo babur sai ya nuna garejin gaba.

Sai da aka yi wata uku sannan ya sami ƙarfin zuwa ƙauyen su Zaharaddeen. Ƙauyen yana nan, ba a ƙona shi ba, kuma mutanensa ba su san an taɓa fitowa dominsu ba. Aka kai shi wajen Rabi, matar mamacin, ta zauna daga bayan labulen zaure, surukinta yana gefe. Ya faɗa musu komai, har yatsan, har zaren buhun da ya sa baburan suka tsaya a fili. Ya ce in akwai laifinsa a ciki su yafe masa. Tsohon ya ce babu laifi, kwana ne ya ƙare. Rabi ta tambaya ko an binne shi. Sabiru ya ce bai sani ba. Ta ce to ranar wace ce, domin ta san daga inda za ta fara ƙirga takaba. Ya ce Talata ce, sha biyu ga wata, wata uku da suka wuce, da hantsi. Ta maimaita a hankali, ta tashi ta shiga ciki. Aka kawo masa fura a ƙwarya, ya sha kaɗan, ya yi sallama don ya sami motar Gusau kafin la'asar.